Jan Biron Babanmu

Shekara ashirin da shida babanmu ya yi yana duba rubutu a maɗaba'a, teburinsa na lungu, tsakanin injin yankan takarda da taga. Abokan aikinsa Waƙafi suke ce masa, shi kuma yana amsawa. Duk shafin Turancin da ya bi ta hannunsa sai ya fito da jajayen ɗigo kamar mai ƙyanda.

Ƙa'idarsa mun haddace ta tun muna yara: in ka iso kan "and" ko "but", dubi hagu, dubi dama. In kowane ɓangare zai tsaya da ƙafarsa, sa waƙafi, kowa ya sha iska. In ɗaya jingine yake da ɗan'uwansa, kada ka raba su.

Sai dai Baba yana da in'ina mai tsanani, ko waya ya ɗauka sai ya yi gumi. Da na zo ta ɗaya a makarantar koyon jinya, aka ce mahaifina ne zai yi jawabi da Turanci a taron yaye mu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, kunya na ji.

"Baba, ka huta kawai, Kawu zai je," na ce.

Ya kalle ni. "Ni... ni na haife ki, ko shi?"

Kwana tara yana shiri. In an kunna inji a maɗaba'a sai ya tsaya a gefensa yana karanta takardar jawabin da ƙarfi, don kada kowa ya ji.

Ranar taron ya hau mumbari da jan bironsa. Duk waƙafin da ya iso, sai ya ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya, ya ja numfashi. A layi na huɗu ya maƙale a kan sunana. Zauren ya yi tsit, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai yi gaggawa ba. Ya ƙwanƙwasa, ya sake, ya sake, sunan ya fito, ya wuce har ƙarshe. Mutane suka miƙe. Ni na fi kowa tafi, ina hawaye, ina girgiza matar da ke kusa da ni: "Hajiya, babana ne!"

A hanyar gida ya miƙo mini takardar. Kafin sunana akwai jajayen waƙafi har uku a jere, abin da bai taɓa yafe wa kowa ba. Ashe tun a gefen inji ya san nan zai maƙale, amma bai cire sunan ba.