Na Hatimi da Na Inji

Idan ka taɓa riƙe kwabon jan ƙarfe a tafin hannu har ya yi gumi, ka san warin da yake bari a yatsu. Kwanan baya wani abokin aiki da ya dawo daga tafiya ya zube ragowar canjinsa a teburina. Na ɗauki ɗaya, sai ga ni a gidanmu na unguwar Faisal, can saman bene, gaban tagar da ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta.

A ɗakuna biyun nan muke zaune: Baba, wanda karatu ya kawo Alƙahira kuma tallafinsa ya yanke, da Inna, da ni, da Kaka, mahaifin Baba. Kaka ya biyo ne daga aikin hajji don ya ga jikarsa, da niyyar ya wuce gida Katsina. Ciwo ya kwantar da shi, kuɗin jirgi suka tafi a magani, takardar zamansa ta ƙare, tara ta hau kansa. Daga nan duniyarsa ta tsaya tsakanin taga da masallacin ƙasan bene. Ko mota ba ya son shiga, kada a tambaye shi iƙama, wato takardar zama. Abu ɗaya yake so: ya koma ya ga gonarsa, a binne shi kusa da iyayensa.

A masallacin nan ya saba da wani dattijo Bamisire mai shagon tsofaffin kuɗi a tsohuwar kasuwa. Shi ya gaya masa cewa a cikin ƙananan kwabban Amurka akwai waɗanda rubutunsu ya fito biyu-biyu, kuma masu tara irinsu suna biya da tsada. Mai kyau guda ɗaya, in aka haɗa da ɗan abin da Baba ya ajiye, zai iya fitar da Kaka. Masu raƙuman da ke yawo da baƙi a dalar Giza suna samun irin kwabban nan, banki kuma ba ya canza su, don haka suke sayar wa Kaka a gwangwani da araha.

Matsalar ita ce ninkin iri biyu ne. Akwai na hatimi, wato ƙarfen da ake buga kwabon da shi ne aka zana sau biyu tun asali. A nan harafi yakan fito da ɗan'uwansa, dukansu a tashe, a mulmule, ƙarshensu a tsage kamar kofaton akuya. Akwai kuma na inji, inda hatimin lafiyarsa lau, sai dai ya goce lokacin bugu ya kankare gefen harafin. Wannan shimfiɗe yake kamar dakali, harafin ma ya rame. Na hatimi dukiya ne. Na inji kwabo ne kawai.

Kaka ya san wannan sarai, amma idonsa ya fara hazo. Nawa ya ara. Kullum in na dawo makaranta sai ya ce, "Amarya, zo ki duba wa angonki." Ya miƙo mini gilashin masu gyaran agogo, in zauna inda haske ke faɗowa. Ina jin 'yan'uwana yara suna wasa a layi, ina jin mai lemo yana kaɗa faifan ƙarfensa, ni kuwa ina juya kan wani Bature mai gemu. Da zafi gumi ya cika gilashin, da sanyi yatsu su ƙage. Sau da yawa sai in ce na gani. Sai ya tambaya, "A tashe ko a kwance?" In sake dubawa, in ce a kwance. Ya ce, "Na inji ne. Ma'alish, ba komai, ɗauko wani." Bai taɓa yarda a kira abu da sunan da ba nasa ba. Na gane tun lokacin cewa ranar da zai fita daga ƙasar, ran nan ni ma zan fita daga wannan aiki.

Wani hunturu, a cikin kwabban da suka yi duhu, na ga haruffa a tsage, a tashe, lambobin shekarar ma biyu-biyu, ko ba gilashi ana gani. Kaka ya daɗe yana tambayata harafi bayan harafi, sannan ya yi hamdala a hankali. Ya naɗe kwabon a ƙyalle ya ajiye a kan kabad.

Inna mace ce da ba ta barin tasa ta kwana da dauɗa. Da safe ta buɗe ƙyallen, ta ga abin da surukinta zai kai gaban manyan mutane baƙi ƙirin. Ta sa toka da lemun tsami ta goge shi har ya yi ja kamar sabo, ta naɗe, ta mayar. A wurinta girmamawa ce.

Ni da Kaka muka haye kogi zuwa shagon dattijon, ni ce tafinta. Kaka ya sunkuyar da kai duk inda muka wuce ɗan sanda. Dattijon ya sa gilashi ya duba, ya ce na hatimi ne, babu shakka. Sai ya juya shi a haske, fuskarsa ta canza. Ya tambayi wa ya wanke shi. Ya ce masu saye fatar asali suke nema, wankakke kuwa ya zubar da mafi yawan darajarsa. Abin da ya taya ko tarar ba zai taɓa ba. Na fassara wa Kaka kalma bayan kalma. Ya karɓi kwabonsa ya sa a aljihu.

Inna tana bakin ƙofa tana jiranmu, ta durƙusa gaban Kaka ta ce, "Baba, an dace?"

Ya dube ta, ya ce, "Na inji ne, 'yar nan. Ni da amarya ne muka yi kuskure. Khalas, shi ke nan, kawo mana shayi."

Yanzu yaro ma zai ɗauki hoton kwabo da waya ya ƙara girmansa, ya san matsayinsa kafin shayi ya huce, jirage kuma suna tashi zuwa Kano. Kaka yana kwance a wata maƙabarta a gefen Giza. Inna ta tsufa a Katsina, cikin gidan da ya so ya mutu a ciki, kuma har gobe in hira ta biyo ta kan Kaka takan ce, Allah ya jiƙan Baba, bai taɓa samun na gaske ba. Nakan ce amin.