Shansherar da Na Jiƙa Kafin Yajin Aiki

Shekarun baya, kafin in koma sana'ar da nake yi yanzu, na yi aiki a wani kamfanin casar shinkafa da ke kan hanyar Rano zuwa Kibiya. A birni ba za a kira shi babban kamfani ba, amma a wajenmu babba ne. Daga Lausu, daga Dawaki, har daga cikin Kibiya mutane ke zuwa aiki, wasu a babur, wasu a keke. Ni ina sashen gumi, inda ake jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a manyan tankuna, a turara ta, sannan a kai ta filin shanya.

Da aka kafa ƙungiyar ma'aikata, abokina aka zaɓa shugaba. Unguwarmu ɗaya, makarantar allonmu ɗaya, kuma shi ya yi min hanyar aikin. Ni aka ba ni sakatare, ba don wata jarumta ba, sai don rubutuna yana karantuwa. Na ɗauki abin da zafi sosai. Har jakar takardu na saya, ina yawo da ita ko ranar da babu komai a ciki sai ƙosai.

Kamfanin ya daɗe yana tangal-tangal. Wuta ba ta zama, dizal ya yi tsada, shinkafar waje ta cika kasuwa. Albashi ya fara zuwa a makare, daga baya ya koma rabi, daga baya sai ban haƙuri. Mai kamfanin wani Alhaji ne da ke zaune a birni, ba ma ganinsa sai manajansa. Wasiƙa uku na rubuta da sunan ƙungiya, ko ɗaya ba a amsa ba. Wata Laraba da safe muka taru a gindin darbejiyar bakin ƙofa, aka ce yajin aiki daga wannan lokacin. Ni na riga kowa ɗaga hannu.

Sai da aka ja ƙofa aka rufe sannan na tuna da tankuna. Daren Talata ba ni da aiki, amma da yammacin ranar ni da hannuna na cika tanki huɗu da ruwa. Kuma shansherar da ke ciki ba ta Alhaji ba ce. Ta wasu manoman Tarai ce, da suka haɗa abin da suka noma suka kawo a yi musu gumi a cashe. Shanshera idan ta wuce kwana ɗaya a ruwa takan fara tsami. Idan ta kai kwana uku ko huɗu, sai dai a ce Allah ya mayar da alheri.

Na ja abokina gefe na gaya masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wannan matsalar manaja ce. Shi ya karɓi kayan mutane. Idan yana son ya tsamo su, ya kira Alhaji ya zo mu zauna."

Na ce, "Amma ni na jiƙa ta."

Ya ce, "Da sunan kamfani ka jiƙa. Mutumina, idan mutum ɗaya ya tsallaka ƙofar nan, mun gama yawo. Ka san haka."

Na sani kuwa. Na koma cikin jama'a.

Ranar Alhamis na kasa zama wuri ɗaya. In zauna a benci tare da jama'a, in tashi in zagaya bayan katanga, in dawo, in sake tashi. Ta bayan katangar iska ke kawo warin. Wanda bai san aikin ba zai ce kwata ce, ni kuwa na san daga wane tanki yake fitowa. Na koma gida da azahar, na dawo kafin la'asar, na sake komawa. Matata ta ce na zama kamar kazar da ke neman wurin saka ƙwai. Manaja yana ofishinsa da waya a kunne, masu gadi biyu ne kawai tare da shi, babu wanda ya san yadda ake buɗe bututun tankin a cikinsu.

Ranar Juma'a da hantsi wani dattijo ya iso a keke daga Tarai. Ya jingine keken, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya gaisa. Bai yi faɗa ba, bai roƙi kowa ba. Ya tambaya waye mai kula da tanki, aka nuna ni.

Ya ce, "Ɗana, na ji abin da ke tsakaninku da mai wurin, kuma ban ce ba ku da gaskiya ba. Tambaya ɗaya na zo yi, don in san abin da zan gaya wa mutanen da suka aiko ni. Tana da sauran rai, ko mu haƙura?"

Na ce, "Baba, idan aka fitar da ita yau, za a samu wani abu. Gobe ban sani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce a ciki akwai ta wasu mata biyu da mazansu suka rasu, su suka fi damunsa. Daga nan ya koma gindin wata bishiya can nesa da mu ya zauna, ya zuba wa ƙofar ido. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Bayan an sauko daga masallaci na biya wajen mahaifiyata, wai in nemi shawara. Tana tsince wake a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ban san ƙungiya ba. Na dai san abinci ne, kuma kai ka zuba masa ruwa." Na tsaya ina jiran ƙari, ta ce in miƙo mata kwano.

Da rana tsaka na shiga, a gaban kowa. Na gaya wa kaina cewa ba aiki zan yi ba, tunda ba zan kunna tukunyar tururi ba, ba zan taɓa inji ba. Zan zubar da ruwa ne kawai in baza ta a rana. Na ajiye jakata a kan benci, na wuce abokina ban kalle shi ba. Wani ya kira sunana, wani ya ce, "An saye shi." Ban waiwaya ba, don na san idan na waiwaya ƙafata ba za ta ƙara gaba ba.

Da na buɗe bututun, ruwan da ya fito ya yi kumfa, warinsa har cikin ido. Ina cikin kwasa da shebur sai ga mata uku masu aikin shanya sun shigo da manjagara, dattijon yana biye da su ya naɗe hannun riga. Muka yi ta kwasa muna bazawa har rana ta yi sanyi. Tanki biyu sun tsira. Na uku rabi. Na huɗu ya riga ya yi baƙi, ya fara tsiro.

Abin da ban lura da shi ba, manaja yana tsaye a taga yana ɗaukarmu hoto da waya. Kafin magariba hoton ya zagaye wayoyin mutane, an rubuta a ƙasa cewa ma'aikata sun koma aiki, har da sakataren ƙungiya. Ranar Asabar mutum goma suka shiga. Ranar Litinin fiye da rabi. Kowa yana da iyali, kuma kowa ya samu wanda zai nuna ya ce shi ya fara. Alhajin da ake cewa ya kusa zuwa a zauna, bai zo ba.

An cire ni daga sakatare a taron da ba a gayyace ni ba. Abokina ya daina yi min magana. Mukan haɗu a sahu ɗaya a masallaci, a yi sallama, ya tashi ta ɗaya ƙofar. Wannan ya fi min ciwo a kan cire ni da aka yi.

Wata biyu bayan haka muka zo da safe muka tarar da sabon kwaɗo a ƙofa da takarda an manna. An rufe kamfanin. Waɗanda suka shiga da waɗanda suka ƙi shiga, duk muka tsaya a titi ɗaya muna karanta takarda ɗaya. Na fi mako ina tashi da sassafe in yi wanka in hau babur, sai na kusa wurin in tuna babu inda za ni. Abokina ya tafi kudu tuƙin babbar mota. Ni na yi ta buga-buga har na samu ƙaramin injin niƙa a cikin Rano, shi nake juyawa har yau. Shinkafar Tarai kuwa, da aka cashe ta a wani wuri ta kakkarye, sai a matsayin ta tuwo aka sayar. An yi asara, amma ba a tashi hannu wofi ba.

Sai bayan shekara shida muka zauna da abokina, a zaman makokin wani kawunsa. Jama'a sun ragu, muka samu kanmu a tabarma ɗaya. Ni na fara. Na ce, "Har yanzu kana ganin ni na karya mu?"

Ya ce, "Kai ne mana. Amma ba shigar ba ce laifinka. Kai ne sakatare. Da ka tara mutane ka gaya musu abin da ka gaya min, da mu duka muka shiga da sunan ƙungiya, muka shanya, muka fito muka ci gaba da zamanmu. Wane hoto manaja zai ɗauka?"

Maganar ta shige ni, don ko sau ɗaya ban taɓa tunanin haka ba. Na ce, "To kai ai shugaba ne. Me ya hana ka tara su?"

Ya ce, "Tsoro. Na ji tsoron za su bi maganarka su bar tawa."

Ba mu rungumi juna ba, ba mu yi wani dogon bayani ba. Ya tambayi yarana, na tambayi nasa, aka kira la'asar muka tashi tare.

Mutane kan tambaye ni ko na yi nadama. Ban yi nadamar buɗe tankin ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne kwana biyu da rabi na yi ina zagaye katanga ni kaɗai, ina ganin hanya biyu ce kawai, ko in ci amanar abokan aikina ko in bar abincin mutane ya ruɓe, alhali mutanen da zan tambaya suna zaune a benci ɗaya da ni. Na iya rubuta wa Alhaji wasiƙa uku, amma na kasa miƙewa in yi wa 'yan'uwana magana ta minti biyu.