Hannun 'yar fari

'Yata ta fari ta faɗa murhu tana ƙarama, lokacin tsinkar auduga. Wutar ta ci cikin gwiwar hannunta na dama. Da ciwon ya fara warkewa, fatar ta soma janye hannun zuwa kafaɗa.

A asibitin Malumfashi wata nas ta kama hannun ta miƙar da shi, yarinyar na ta ihu. Ta ce mini, "Haka za ki riƙa yi mata esasayis safe da yamma. In kin ji tausayi, hannun ya tafi ke nan." Ni a ajin yaƙi da jahilci, littafin da muke rubutu a ciki kawai na sani da wannan suna. Ta ce a nan motsa gaɓa ake nufi, ko mai gaɓar ba ya so.

To, a wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane; na kaka ne. Saboda haka bayan rumbu nake janta, in shafa man kaɗe, in danne kafaɗar da gwiwata, in ja. Har ta kai in ta hango kwalbar man a hannuna sai ta saki fitsari.

Wata rana surukata, Inna, ta same mu a haka.

"Yau ga marar kunya. 'Yar farin ce kike turmushewa kamar akuyar layya?"

Na ce, "Inna, a asibiti aka ce a yi."

"Asibitin ne ya haifi ubanta?" Ta juya ga yarinyar. "Taso, kishiyata. Uwarki ta yi boko da tsufa, a kanki take gwada shi."

Yarinyar ta ruga ta shige zanenta. Matan gidan suka yi dariya, wata ta ce dama tun da na fara riƙe fensir idona ya bushe. Da na kai maganar wurin maigida, bai ɗago daga buhun da yake ɗinkewa ba. "Ki bar wa Inna jikarta," in ji shi.

Inna ta tafi da ita ƙauyensu ta wajen Kafur. Na aika da kwalbar man. Ɗan aiken ya ce ya ga Inna na shafa wa fason ƙafarta.

Sai bayan damina suka dawo. Yarinyar ta yi ƙiba, ta yi kyau. Hannun ya manne da damtse, fata ta haɗe su. Na miƙa mata ƙosai, ta ja da baya, sannan ta karɓa da hagu.

Inna ta doke mata hannun, ƙosan ya faɗi ƙasa.

"Da hagu ake karɓar abu? 'Yar nakasasshiya. Wa zai kwashe ki a haka?"

Ina durƙushe a wurin. Ban kira sunanta ba, don Inna na tsaye.