Sjoerd da Waƙar Saniya

Shekara talatin da ɗaya Sjoerd Wiersma ya yi yana shiga ƙarƙashin motocin mutane a wani garejin duba lafiyar mota a garin Dokkum. Neman aibi ne aikinsa. Matarsa Baukje takan ce ko miya ta zuba masa sai ya leƙa gindin kwano. Da ya yi ritaya sai ya shigo zauren waƙoƙinmu na intanet, mu kusan ɗari biyu, yawancinmu 'yan ƙauyukan yankin Friesland. Bai cika rubuta waƙa ba, gyara yake yi. "Ɗango na uku yana ɗingishi." Iyakar maganarsa ke nan.

Shi ya sa da Femke, wadda ta shekara tara tana kula da zauren, ta ce idanunta sun gaji ta miƙa masa ragamar zauren, wasu suka yi gunaguni.

Muna da al'ada. Ranar da sabon mai kula ya kama aiki, kowa zai turo waƙa mafi muni da zai iya ƙagowa, shi kuma dole ya tono ɗango ɗaya mai kyau a kowace ya yaba. Marabarmu ke nan. Ranar Asabar ɗin da ya kama aiki na ɗauki kek na tafi gidansa don in ga yadda zai sha wuya.

Na same shi a kicin, ya buga waƙoƙin a takarda ya jera a tebur. Akwai ta dankali, akwai ta ƙafar suruka. Akwai kuma ta wata Aukje Postma, kan saniya mai suna Grietje da aka loda a babbar mota. Baitocin a karkace suke, jama'a kuwa sun bi ta da fuskokin dariya. Wani ma ya rubuta, "A ba ta kofin gasar kawai."

Sjoerd bai yi dariya ba.

Na ce, "Tsohon bakanike, yaba mata ka wuce, saura sittin."

"Wannan ba wasa take yi ba."

"Ka karanta baiti na biyu kuwa?"

"Na karanta. Motar da aka kwance wa ƙusa don a gwada ni, na san ta. Wadda ta lalace don ta yi aiki, ita ma na san ta. Wannan aiki ta yi."

Muka duba kwamfuta. Ranar Alhamis Aukje ta shigo zauren, babu wanda ya gaya mata al'adar. Muna kallo waƙar ta ɓace. Ta goge ta. Abin da ya rage ta fice, kuma da wuya ta sake nuna wa kowa rubutunta.

Baukje ta ɗago daga yanka kek. "Postma ta ƙauyen Holwerd? Ai watan jiya suka sayar da garken shanunsu na tatsa gaba ɗaya. Da ƙanwarta muke rera waƙa a coci." Kafin kofin da muke sha ya huce ta samo lambar wayar Aukje.

Sjoerd ya riƙe wayar kamar mai zafi. "Uwargida Postma, Wiersma ne, na zauren waƙa."

"Na ji dariyarku har nan," in ji muryar.

Ya yi mata bayanin al'adar, ya ce laifinsa ne da bai sa sanarwa ba. Sai ya jawo takardar ya karanta mata a hankali: "Har yau ƙarfe biyar hannuwana kan riga ni farkawa."

"Wannan ɗangon," ya ce, "ko ƙusa ɗaya ba zan taɓa masa ba." Sai ya ƙara da cewa, "Amma baiti na biyu yana ɗingishi."

Baukje ta taka masa ƙafa. Ni kuwa na rufe ido.

Can muka ji Aukje ta ce, "A ina yake ɗingishin?"

Minti arba'in suka yi. Ni da Baukje muka cinye rabin kek ɗin.

Ranar Litinin ta mayar da waƙar, Sjoerd ya kafe ta a saman zaure, masu dariya suka bi layi suna ba da haƙuri. Tun daga lokacin duk wanda ya shigo, Sjoerd kan aika masa saƙon maraba da kansa, gajere, babu ado. Aukje tana nan tare da mu. Ta gyara baiti na biyu sau huɗu, shi kuma har yanzu yana cewa da saura kaɗan.