Igiyar da Na Ɗaura wa Bindigar Gwanjo

Ubana ba shi da babban yatsa a hannun dama. Bindiga ce ta cinye shi. Mafarauci ne a ƙauyenmu, kudu da Kano, kuma da tasa ta tsufa sai ya je wajen wani maƙeri mai arha ya ƙera masa wata da bututun ruwa. Ƙa'idar mafarautanmu ita ce ba a fara harba sabuwar bindiga da hannu. A ɗura mata albarushi, a ɗaure ta jikin bishiya, a ɗaura doguwar igiya a kunamarta, mutum ya laɓe can nesa ya ja. In za ta fashe, ta fashe wa bishiya. Ran nan yana sauri, bai yi ba. Na tashi na tarar da shi yana cin tuwo da cokali, don ba ya iya dunƙula loma.

Ni kuma ga ni a garin Greensboro na Amurka, na fi shekara ashirin ina yi wa kujeru sutura a wani kamfani. Ban yi boko mai nisa ba, abin da nake da shi ke nan. Da babban yatsa nake jan yadi, da shi nake danne shi in buga masa ƙusa. Ran da yatsan nan ya tafi, aikin ya tafi, kuma ba wanda zai tambaye ni yaya na kwana. Kujerun da nake yi a gidajen masu kuɗi na unguwar Irving Park suke ƙarewa, ni ban taɓa zama a kan ɗaya ba. Kayan arha nake saye tun da na zo, kuma duk sun ci amanata. Mota ta mutu min a tsakiyar titin Elm, takalmi ya buɗe baki ranar Idi.

Wani Alhaji ne ya jawo maganar bindiga. Mutumin Damagaram ne, direban babbar mota, kuma tun da ya ji ni Bakano ne bai bar ni na huta ba. Shi ke kai mu gonar wani tsohon Bature a bayan gari inda muke sayen ragon layya. Manomin ya ce bareyi sun dame shi, in lokacin farauta ya yi mu samo izini mu zo.

"Bon, Malam, ɗan mafarauci guda kana sayen nama a leda?" in ji Alhaji, da ɗan Faransancinsa da ba ya rabuwa da shi. "Sai dai na san matsalarka. Bakano ba zai sayi bindiga ba sai an ce masa kyauta ce, a haɗa masa da harsashi gyara."

Na ce, "Ku da kuka saba harbin fara da takalmi, me ka sani game da farauta?"

Dariya muka yi, amma maganar ta zauna min. Ina son in ci naman da na harbo da bismillata. Kuma gaskiyarsa ce, mai tsada ta fi ƙarfina. Abin da ban gaya masa ba shi ne, a kaina bindigar arha da yatsan ubana abu ɗaya ne.

Wata Asabar ya kai ni wani shagon jingina a gabashin gari. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. A garinmu bindiga abar ɓoyewa ce, a ƙarƙashin gado, cikin tsumma. Nan kuwa ga su jere a bango tun daga ƙasa har rufi, kamar rake a kasuwa. Ƙanana na cikin gilashi kamar agoguna. Kuma mai tsaron wajen wata dattijuwa ce mai furfura, tana cin gyaɗa abinta.

Idona ya faɗa kan wata sabuwa dal, baƙa, tana ƙyalli, kuma ga arha. Na nuna ta. Matar ta miƙo min, na ɗan girgiza ta, sai na ji wani abu yana kaɗawa a ciki kamar gwangwani. Na ajiye. Ta tambayi abin da zan yi da ita, Alhaji ya ce barewa. Sai ta sauko da wata tsohuwa, katakon gindinta duk ya goge, wani wajen ma ya yi fari saboda hannu. Kuɗinsu kusan ɗaya.

Na ce wa Alhaji da Hausa, "Ka ga matar nan ta raina ni. Gwanjo za ta liƙa min."

"To kai ɗin sabo ne?" in ji shi.

Ta zare ƙarfen da ke tura harsashi, ta nuna min ba komai a ciki, ta haska 'yar tocila ta baya ta ce in leƙa. Na leƙa. Wallahi ban taɓa sanin haka cikin bindiga yake ba. Na ɗauka rami ne kawai, irin bututun ubana mai tsatsa. Sai ga wasu layuka suna murɗawa tun daga farko har ƙarshe, sumul, suna sheƙi kamar cikin sabon kwano. Ta ce su ke juya harsashi ya tafi saiti, kuma in suna da kaifi haka, ba tsatsa, ba tsaga, to tsufan katako ba komai ba ne. Ta mayar da ƙarfen ta ce in ja. Ya tafi ya dawo kamar an shafa masa man shanu, ya rufe ƙyas, ba motsi. Wani ne ya zauna ya yi wannan aikin tun ban zo ƙasar ba, kuma har yau bai saki ba. Na daɗe ina ja ina mayarwa, har Alhaji ya ce ko aurenta zan yi.

Na taya, ta ƙi. Na sake tayawa, ta ci gaba da cin gyaɗarta.

"Albarka ta ce maka, Bakano. Biya."

Ta bincika sunana a kwamfuta, na biya, na tafi da ita. Amma ban yarda da ita ba. Abin da ido ya gani daban, kuma ubana ma ai ya duba tasa kafin ya biya.

Ranar da za mu gwada ta a gonar, na kwance igiyar shanyar matata na sa a aljihu. Da hantsi muka isa, ganyaye duk sun yi ja. Manomin ya kafa kwali a jikin wani tudun ƙasa. Alhaji ya ce bismillah, in harba. Ni kuwa na nufi wata bishiya na fara warware igiya.

"Me kake yi?"

"Ɗaure ta zan yi."

"Innalillahi! Malam, nan Amurka ce fa. Akuya ce? Don Allah kar ka kunyata mu gaban Bature."

"Yatsanka ne ko nawa?"

Manomin ya tambayi abin da ake ciki. Na gaya masa da guntun Turancina, na ɗaga hannu na lanƙwashe babban yatsa don ya ga yadda na ubana yake. Ya juya ya tafi wajen rumbunsa. Alhaji ya ce shi ke nan, na jawo an kore mu, bana sai mu nemi rago a wani wajen. Ni ma haka na zata.

Sai ga tsohon ya dawo yana gara tsohuwar tayar mota. Ya kwantar da ita a ƙasa, ya ce bishiya za ta ɓata min katakon, a jikin taya ake ɗaurewa. Ya ce haka kakansa yake yi wa duk bindigar da bai san tarihinta ba. Na tsaya ina kallonsa. Mutumin nan bai taɓa jin sunan ƙauyenmu ba, kakansa bai san kakana ba, ga teku a tsakani, amma tsoro ɗaya ya koya musu dabara ɗaya. Ya durƙusa da kyar ya taya ni ɗauri, har ya gyara min ƙullin da na yi a kunama.

Na ce, "Alhaji, ka ce wani abu mana."

"Dakor, na yarda," in ji shi. "Ashe ƙauyanci ba shi da ƙasa." Amma shi ya riga kowa laɓewa bayan mota.

Na ja igiya. Ƙarar ta daki daji ta dawo, tsuntsaye suka tashi. Muka je muka duba. Ba tsaga, ba hayaƙi ta inda bai kamata ba. Kwankon harsashin ya fito lafiya lau. Muka sake, haka dai.

Saura ni. Manomin ya kwance bindigar ya miƙo min. Na kafa gindinta a kafaɗa, na zagaya babban yatsana a kan katakon nan da hannun wani ya goge, daidai inda na ubana yake ran da ya rabu da shi. Na yi bismillah na ja. Ta bangaje ni a kafaɗa kamar ɗan maraƙi. Ban kalli kwalin ba, hannuna na kalla. Yana nan. Na motsa shi, ya motsa.

Na harba wasu, sannan muka taka zuwa tudun. Ramukan sun taru waje guda, har wasu sun haɗe. Manomin ya kama hannuna ya ɗora babban yatsana a kansu, ya rufe su duka.

A mota Alhaji ya yi ta surutun kilishin barewa da za a yi, da wanda za a ba da wanda za a hana. Da na isa gida matata ta tsaya a ƙofa da kwandon wanki tana tambayar wanda ya kwance mata igiya. Na ciro ta daga aljihu, na je na mayar, na ɗaure ta tamau da hannun dama.