Ruwan da Ya Jiƙa Kilishinmu

A damina ta biyu da aurena, ruwa ya ɗauke bayan an yi shuka. Ni 'yar Damaga ce, babana manomi ne, kuma sau biyu geronsa yana tsirowa yana ƙonewa. A karo na uku ya zuba ragowar irin da ke rumbu gaba ɗaya. Idan wannan ya mutu, babu na sakewa.

Gidan mijina kuwa, a Talata Mafara, gidan mahauta ne masu kilishi, rana ce abokiyar sana'arsu. A makon nan aka ba maigida aikin kilishin biki, sa guda. Ya yanka naman fale-fale, ya tsoma a labu, wato kwaɓin ƙuli-ƙuli da yaji, ya shanya a kan gadajen kara har tsakar gida ta cika. Yini ɗaya na rana mai ƙarfi kawai yake nema.

Ran nan kuma aka yi shelar roƙon ruwa. Da hantsi ya juya rigarsa bai-bai kamar sauran maza, ya tafi filin idi, ya bar ni da gadin nama. Ina korar ƙudaje ina roƙon ruwa a zuci, kamar mai satar nama a tukunya. Kowace addu'a na yi wa Baba, sai in ji na ci amanar mijina.

Bakina ba ya riƙe magana, sai na tambayi surukata, tana zaune tana tsinke zogale.

"Inna, Allah na da iko da komai, kuma Shi mai alheri ne. To yau wa za a ba? Duk wanda aka ba, ɗayan ya yi kuka."

Ta dube ni ta gefen ido. "Ɗiyata, mi kinka ci da sahe? Kore ƙudan can."

Kafin azahar hadari ya taso daga gabas. Na yi ta jidar nama da faranti, da zane, har da murfin tukunya, amma ina! Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, labu ya bi rariya ja-wur. Maigida ya shigo a jiƙe, rigarsa har yanzu a juye, ya tsaya yana kallon aikin kwana biyu yana tafiya kwata. Na fashe da kuka.

"Malam, ni ce. Tun safe nake roƙonsa saboda geron Baba."

Ya tuntsire da dariya har ya dafa bango. "To ni mi kike zato na tahi yi? Damaga na ambata da sunanta. Sai dai na ce a yi mini haƙuri da Mahwara zuwa la'asar."

Inna ta riƙe haɓa. "Ku ji min yara! Ɗaya na ɓoyo, ɗaya na yanka wa Ubangiji lokaci."

An yi asara, ba zan ɓoye ba. Sai da ya je ya ba masu biki haƙuri, abin da ya tsira kuma muka dafa a babbar tukunya, unguwa ta ci har da masu wucewa. Ni dai hankalina yana kan gonar Baba, don ruwan damina yana iya jiƙa gari ɗaya ya tsallake na kusa da shi. Idan bai kai Damaga ba fa?

Ana cikin ci wayar maigida ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙo mini. Baba ne, mutumin da gaisuwarsa kaɗai takan cinye katin waya. Ran nan ko sallama bai yi ba.

"Saurara," ya ce.

Ya ɗaga wayar sama, na ji ruwa yana dukan kwanon ɗakinsa.

Har yau ban sami amsar tambayar da na yi wa Inna ba, malamai sun fi ni sanin wannan. Na dai riƙe wayar a kunnen mijina, hannunsa duk romon kilishinsa da ya lalace, yana saurare yana cewa, "Ƙara, ya Allah, ƙara."