Kyautar Disamba Ga Mama Mai Kifi

A Anacha aka haife ni, a unguwar Hausawa da ke kusa da babbar kasuwa, kuma a can na yi wayo. Mahaifina ya zo garin tun yana saurayi daga wani ƙauye na ƙasar Katsina. Ya kafa rumfar albasa da busasshen tattasai a Kasuwar Ochanja, ya yi aure, ya haife mu mu uku. Yayana ya tafi Fatakwal yana sayar da wake a kasuwar Mile 3, ni aure ya kai ni Inugu inda nake koyarwa a wata makarantar firamare, ƙanwarmu kaɗai ta rage a gaban Umma da Baba.

Duk wanda ya zauna a Anacha ya san yadda garin yake komawa idan Disamba ya kama. Kirsimeti ba bikinmu ba ne, amma a tsakiyarsa muke kwana muke tashi. Motoci kan cushe a kan gada tun da safe, an ɗaure musu buhunan shinkafa da katifu a sama, akuya na leƙowa ta taga. Kowa na hanyar ƙauyensu, kuma ba mai son ya isa gida hannu rabbana. Mu da muke sayar da kayan miya, lokacin cinikinmu ke nan. Tun muna yara mun san idan watan ya shigo Baba ba ya dawowa cin abincin rana.

A daminar wata shekara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, harshe ya yi nauyi. Hankalinsa na nan sarai, yana jin duk abin da ake faɗa, amma idan ya buɗe baki sai kalmar ta tsaya masa a rabi. Yayana ya bar matarsa da yara a Fatakwal ya dawo ya riƙe rumfar. Ni kuwa sai da aka rufe makaranta a tsakiyar Disamba na samu na zo da niyyar yin mako biyu.

Na tarar da shi cikin wata damuwa da ba a gane kanta ba. Yakan nuna kalandar da ke bango da hannun hagu, ya nuna ƙofa, ya ce, "Ki… ki…" sai ya tsaya yana haki. Umma ta ɗauka kifi yake sha'awa. Ta yi masa farfesu, na kai masa cokali baki, ya kau da kai. Muka kawo masa kibiyar kitso, muka kawo kilishi, duk ba su ba ne. Sai washegari ƙanwata tana shara ta tsaya cak da tsintsiya a hannu.

"Baba, Mama mai kifi?" in ji ta.

Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai a hankali har sau uku.

Mama mai kifi wata dattijuwa ce Ibo, rumfarta na manne da ta Baba tun kafin a haife ni. Busasshen kifi da ƙananan jatan lande take sayarwa. Lokacin da Baba ya zo bai iya ko gaisuwa da yarensu ba, ita ta koya masa ƙirga da yadda ake amsa mai taya kaya. Idan ya tafi masallacin Juma'a ita ke duba masa rumfa. Muna yara, duk ranar da aka aike mu kasuwa sai ta cika mana tafin hannu da jatan lande muna tafe muna ci. Mun san duk ƙarshen shekara Baba yana yi mata wani alheri kafin ta tafi ƙauye. Abin da ba mu sani ba shi ne mene ne alherin.

"Ni dai ban taɓa tambaya ba," in ji Umma. "Harkarsu ce ta kasuwa. A can yake yi, a can yake barinta."

Yayana ya ce abin ai ba wuya, a saya mata buhun shinkafa kamar yadda kowa ke yi. Muka tambayi Baba, ya girgiza kai. Atamfa? Ya girgiza. Akuya? Man gyaɗa? Ya yi ta ƙoƙarin kwatanta wani abu da yatsu, yana dunƙule hannu yana buɗewa, har hawaye suka taru masa. Umma ta ce mu ƙyale shi haka, kada mu tayar masa da ciwo. Ta juyo gare ni.

"Ke mace ce, kuma kin iya yarensu. Je ki duba abin da ya dace da babbar mace, ki kai mata da sunansa."

Haka na shiga babbar kasuwar Anacha ranar wata Alhamis da hantsi. Ba a tafiya a kasuwar nan a irin wannan lokaci, tura mutum ake yi. Masu baro na ihu a ba su hanya, lasifika na tashi daga kowane layi, an rataye fitilu masu walƙiya da jajayen huluna a bakin shaguna. Na fara da layin kwanuka. Na ɗaga wata kula mai ɗaukar abincin mutum goma, na ajiye. Na duba fitila mai caji, na duba fanka ƙarama, na tsaya gaban takalma. A nan na gane ban san girman ƙafarta ba. Da na ci gaba da tunani sai na ga ban san komai nata ba. Ban san 'ya'yanta nawa ba, ban san sunan ƙauyensu ba, ban san ko akwai wuta a gidanta ba. Mace ce da ta ga fitowar haƙorana, amma ban taɓa ganinta a tsaye a wani wuri da ba bayan tiren kifi ba. Abin ya dame ni fiye da cunkoson.

Daga ƙarshe na shiga layin zannuwa, wurin masu sayar da joji, zanen nan mai nauyi da ado a baki wanda matan Ibo ke ɗaurawa ranar biki. Mai shagon wani mutum ne mai furfura. Da ya ji na gaishe shi da yarensu sai ya kalli hijabina ya yi murmushi, ya jawo mini kujera.

"Na surukarki ne?" ya tambaya.

"Maƙwabciyar babana ce a kasuwa."

"Mijinta na da rai?"

Wannan kam na sani, domin na tuna lokacin da Baba ya je ta'aziyya. Na ce ya daɗe da rasuwa.

"To kada ki ɗauki ja, za ta ce kin mai da ita yarinya. Kada kuma ki ɗauki fari, na masu takaba ne." Ya jawo wani mai ruwan malmo da zare ruwan zinariya a gefe. "Wannan za ta shiga coci da shi, a matsa mata a benci na gaba."

Na saya, ya naɗe mini a takarda mai ƙyalli, na hau keke mai ƙafa uku na haya zuwa Ochanja.

Tana zaune inda na saba ganinta, ta ƙara tsufa, tabaranta ɗaure da zare a ƙeya. Da ta gan ni ta miƙe ta rungume ni, ƙamshin kifi da hayaƙi ya cika mini hanci. "Nwa m," take ta faɗa, wato 'yata. Ta tambayi mijina, ta tambayi yara, ta tambayi jikin Malam, don haka take kiran Baba. Na miƙa mata ƙunshin na ce saƙonsa ne na Kirsimeti. Ta goge hannu a zani kafin ta buɗe. Ta shafa jojin, ta ɗaga shi a haske, ta kira maƙwabciyarta ta gani. Sannan ta dube ni ta saman tabarau ta yi dariya.

"Ke kika zaɓo wannan. Malam bai san hanyar layin zannuwa ba."

Na ji kunya, na faɗa mata gaskiya: yana ta nuna mana, mun kasa ganewa. Dariyar ta tsaya. Ta zauna, ta jawo ni kusa da ita a kan benci.

Ta ce Baba bai taɓa saya mata komai ba. Abin da yake yi shi ne, idan saura kwana kaɗan ta tafi, sai ya zazzage buhun albasa ya zauna ya tsince mata kwando guda da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, ƙanana jajaye masu ƙarfi waɗanda ba sa ruɓa da wuri. A ƙauyensu har an san su, matan gidan kan tambaya ko albasar Malam ta iso. Bayan haka sai ta ba shi makullin rumfarta. Busasshen kifi ba ya son a kulle shi mako biyu, yana fumfuna, ƙwari na shiga, ɓeraye na ɓarna. Duk bayan kwana biyu Baba zai buɗe, ya fito da kwandunan ya shanya, ya juya su, ya mayar kafin la'asar. Shekara da shekaru haka, shi ya sa take iya zama a ƙauye har sabuwar shekara da kwanciyar hankali.

"To bana fa, Mama?" na ce.

"Bana ba zan je ba. Na faɗa wa yarana su tafi."

Yayana yana rumfarmu, taku biyu daga inda muke, yana auna wa wata mata tattasai. Ya ji komai. Da matar ta tafi ya zagayo, ya rage tsawo a gabanta.

"Haba Mama, kullum muna tare a nan, me ya hana ki faɗa mini?"

"Ba a roƙon kyauta," in ji ta. "Kai ma ka bar gidanka ka zo kana fama. In ƙara maka kifi?"

Na tambaye ta me ya sa ba ta zo ta duba Baba ba, alhali kusan kowane mako tana aiko masa da kifi ta hannun yayana. Ta ce ba ta taɓa shiga gidanmu ba, kuma ba ta san ko ya dace mace irinta ta shiga ɗakin da Malam yake kwance ba. Ta ji tsoron kada ta sa Umma cikin takura. Na ce mata Umma ce ma ta aiko ni, kuma ƙofa a buɗe take.

Ranar Asabar yayana ya bar kasuwa da wuri, ya zo gida da buhun albasa a keke. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, muka fito da Baba muka jingina shi da filo a jikin bango. Da aka zazzage buhun a gabansa, na ga fuskarsa ta saki yadda ban gani ba tun zuwana. Ya miƙa hannun hagu ya ɗauki ɗaya, ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya kai hanci, ya jefa a kwando. Ta biyu ya ture gefe. Da hannun ya gaji sai yayana ya riƙa ɗaga masa, shi kuma yana gyaɗa kai ko ya girgiza. Sau da yawa yayana zai ɗago wata babba mai sheƙi yana ganin ya samo, Baba ya yi tsaki. Tsakin kam ciwo bai taɓa shi ba. Umma na bakin murhu tana dariya ƙasa-ƙasa. Ba mu cika kwandon ba sai da aka kira la'asar.

Mama ta zo ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ɗaure da jojin, da babban ɗankwali. Yaran unguwa suka biyo ta har ƙofa suna kallo. Ta cire takalmi tun daga zaure. Umma ta fito ta kama hannunta da hannu biyu, suka tsaya suna gaisawa, ɗaya da guntuwar Hausa, ɗaya da guntun turancin kasuwa. Shekaru sama da talatin kowace na jin labarin 'yar'uwarta, ranar suka fara zama a tabarma ɗaya.

Da ta shiga wurin Baba ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta shiga ba shi labarin kasuwa da yarensu: wanda ya aurar da 'ya, wanda rufin rumfarsa ya yaye, da yadda yayana ke cika wa mutane mudu har yana zuba. Baba ya yi dariya da rabin baki, ƙirjinsa na girgiza. Aka kawo kwandon albasa, ta ɗauki ɗaya ta juya ta, ta ce, "Wannan hannun Malam ne." Sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro makulli ta sa masa a tafin hagu. Ya riƙe shi na ɗan lokaci, ya ɗago ido ya nemi yayana, ya miƙa masa.

Ta tafi ƙauye ranar Talata. Yayana bai san kan kifi ba, ranar farko ya shanya shi a inda kajin wani mai rumfa suka yi ta kai masa hari, sai da ya wuni a tsaye da sanda. Kullum ya dawo Umma kan ce ya canza riga kafin ya shiga gaida Baba, shi kuwa Baba sai ya kama hannun rigar ya shinshina, don ya tabbatar an buɗe rumfar.

Na koma Inugu kafin Mama ta dawo. Ƙanwata ce ta kira ni ta ce ta iso da jarkar manja da doya shida, kuma ta kawo su gida da kanta. Baba ya ƙara shekara ɗaya da wasu watanni kafin Allah Ya karɓi abinsa. A tsawon wannan lokaci Mama takan biyo ta gidanmu ranar Lahadi idan ta taso daga coci, ta zauna da Umma su ɓare gyaɗa, ta leƙa ta gaida Malam, sannan ta nemi keke ta wuce gida.